Sunan da Aka Liƙa Mini a Waya

Sallama gare ku 'yan uwana masu haƙurin bin labarina. Wanda yau ya fara leƙowa, ga tabarma, zauna in gutsura maka. Sunana Asama'u Sule, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare cikin garin Batsari. Shekaruna ashirin da takwas, kuma har yau ina gaban Innata. Mai nemana sunansa Abdurrahim, malamin asibiti ne a Runka, can ƙasar Safana. Tsakaninmu ba wata uwar tafiya ba ce, sai dai hanyar ta zama abin da ta zama, ba a shigarta sai an haɗa ayari. Cikin wata takwas sau uku kacal ya zo zance, sauran duk a waya muka yi shi. Kira ba ya shiga Runka, saƙon tes kuwa sai ya yi kwanaki a hanya ko ya ɓace ɗungum. WhatsApp ne kaɗai mai haƙurin tsayawa a ƙofa har sabis ya leƙo. Abdurrahim kan hau tsanin tankin ruwan asibitinsu ya ɗaga waya sama, sai saƙonnina su zubo masa.

An tsayar da ranar Alhamis, ranar kasuwarmu, magabatansa za su biyo ayarin 'yan kasuwa su zo neman aurena wurin Baffa Lado, ƙanin Babanmu, tunda Baba ya riga mu gidan gaskiya. Ba ni kaɗai ke ƙirga kwanakin ba. Ƙanwata Sadiqa ta fi shekara da tsayayye, amma Inna ta kafe a kan ƙarama ba za ta tsallake babba ba. Don haka kullum na waiwaya sai in ga idon Sadiqa a kaina, kamar mai jiran a sauke tukunya ta ɗora tata.

Ranar Litinin da safe na gama shirin makaranta, na zura hijabina ruwan toka, na ce bari in gaishe shi kafin in fita. Ina taɓa WhatsApp sai ga wani farin shafi ya tare ni, wai wannan da ke kan wayata ya tsufa, sai na sabunta shi. Na danna inda aka ce in danna, ya kai ni Play Store, wato shagon da ake ɗauko manhajojin waya. Wata 'yar da'ira ta kama zagaye kamar akuya a turke. Na sha kokona tana zagaye. Na ɗaura takalmi tana zagaye.

Ni mace ce mai bin abu daki-daki. Kullum ina gaya wa ɗalibaina, lissafi in ya ƙi fita kada ka yage takarda, koma farko. Sai na koma farko. Na kashe wayar na kunna. Na duba data, akwai. Na hau kan turmin da ke jikin katangarmu ta gabas, inda sabis ya fi ƙarfi a gidan, na ɗaga hannu har ya yi tsami, Inna tana tambayata ko jirgi nake tarewa. Da'irar nan ko gezau.

Lokacin hutun tara na kai wa Malam Ikrima, malamin 'yan aji shida, wanda duk wayar da ta rikice a makarantarmu teburinsa take kwana. Ya gyara zaman tabarau, ya fara duba agogo da kwanan watan wayar, ya ce in suka kauce shagon ba ya buɗe wa mutum. Daidai suke. Ya ce to cikinta ne ya cika. Muka zauna muna shara: bidiyon bikin da ban ma san amaryar ba, wa'azi ɗaya da mutum uku suka turo mini, hotunan lallen Sadiqa sun fi ɗari. Daga nan ya shiga can cikin saitin waya ya zubar da tarkacen da shagon ya tara wa kansa. Ina gefe ina rubuta kowane mataki a bayan littafin shirin darasi, don kada gobe in sake damun bawan Allah.

Da'irar ta tsaya. Har na yi hamdala, sai wani shafin ya fito, wai in sa kalmar sirrin imel ɗina don a tabbatar ni ce.

Ban san ta ba. Ban taɓa saninta ba.

Kada ku yi mini dariya, ku fara duba taku. A nan wurinmu in ka sayi waya, mai shago kake miƙa wa, ka tafi sayen kayan miya, ka dawo ka tarar ya buɗe maka imel ya zuba maka komai. Ba ka tambayar abin da ya rubuta, kamar yadda ba ka tambayar tela irin zaren da ya sa. Malam Ikrima ya ce ko mu buɗe sabo, amma da na tambaye shi tsofaffin saƙonnina fa, sai ya sosa ƙeya ya ce shi dai ba zai rantse ba. A cikinsu akwai muryar Baba guda goma sha ɗaya, har da wadda yake ce mini in sayo masa lemo in na taso. Na karɓe wayata. Ya ce to magani ɗaya ne, in koma wurin wanda ya buɗe mini.

A nan ne zan faɗa muku abin da na ɓoye muku tun farkon labarin nan.

Wanda ya buɗe mini sunansa Muntaka, yana da shagon waya da caji a bakin kasuwa. Shekara biyar da suka wuce, bayan ya haɗa mini wayata ta farko, ya biyo ni gida. Wata huɗu yana zuwa zance. Ba shi da wani aibu, zuciyata ce dai ba ta kwanta ba, na gaya wa Baba, Baba ya sallame shi cikin mutunci. Tun daga nan nake zagaye layin shagonsa. Ko da na sauya waya, Sadiqa na ba, ta kai masa ya juye mini komai. Rannan kuma, farkon haɗuwarmu, Abdurrahim ya tambaye ni ko akwai wani a bayana da ya kamata ya sani. Na ce babu wanda ya kai a ambata. A lokacin gani na yi kunya ce ta sa ni faɗin haka.

Na ce a raina ba zan taka shagon nan ana saura kwana uku a zo neman aurena ba. Bari Alhamis ta wuce. Amma yinin nan ban zauna wuri ɗaya ba. Na share tsakar gida sau biyu, na jera littattafan yara na sake bajewa, kowane minti goma sai na ɗauko wayar na taɓa, kamar mai taɓa haƙori mai ciwo da harshe.

Ranar Talata yayar Abdurrahim ta zo ganin gida, kamar yadda aka shirya. Sunanta Hansai, a cikin garin Safana take aure, tana sayar da atamfa da leshi. Tun safe Inna ta sa aka wanke ledar ɗaki, aka sauya labule, aka turara ko'ina. Ta dama fura da hannunta, ta sa Sadiqa ta yi dambun zogale. Ni kuwa da na taso makaranta na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da zani, na yafa farin mayafi, na ɗan zizara kwalli.

Yaya Hansai mace ce mai jiki, mai haƙorin Makka, da waya biyu a hannu. Ta gaisa da Inna gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da yara da hanya da ruwan bana, aka yi wa Baba addu'a, aka roƙi Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Sannan Inna ta fita ta ba mu wuri. Na durƙusa na gaishe ta, ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita a bakin gado.

"Ke ce Malamar da ta hana ƙanena cin tuwo? An ce mini jiya sau uku yana hawa tanki, har majinyata sun fara tambaya ko famfo ya lalace. Mi ya yi maki kika yi mashi shiru?"

Na rufe fuska da mayafi na gaya mata wayar ce ta ƙi. Ta yi dariya ta ce in kawo, ai ita da waya take cin abinci, babu kalar rigimarta da ba ta gani ba. Na miƙa mata da hannu biyu, har ina jin daɗi.

Ta shiga Play Store ɗin, ta taɓa wani ɗan zagayayyen tambari a kusurwar sama, wurin da ban taɓa kai yatsa ba a rayuwata. Sai na ga dariyar ta sauka daga fuskarta a hankali.

"Sunan mahaifinku Sule, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To wane ne Muntaka?"

Ta juyo mini da fuskar wayar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Asama'u Muntaka. A ƙasansa ga adireshin imel ɗin, shi ma sunayen biyu manne da juna.

Kun dai sani, sunan namiji ba ya bin sunan mace sai in ubanta ne ko mijinta. Shekara biyar ina yawo da wannan a jakata ban sani ba.

Na ce mai shagon waya ne, shi ya buɗe mini.

"Mai shago," in ji ta. "To."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko ɗaya daga cikin wayoyinta ta ɗauki hoton tawa, ta ajiye mini a kan gado maimakon ta sa mini a hannu. Ta kurɓi furar sau ɗaya don kada a ce, ta ce masu babur suna jiranta, gara su kama hanya da sauran rana. Ƙullin ƙuli-ƙuli da kwalbar man gyaɗa da Inna ta haɗa mata, a bakin ƙofa ta manta da su. Irin mantuwar nan da kowa ya san ba mantuwa ba ce.

Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. Ta tsaya a ƙofar ɗaki da faifai a hannu ta saurari bayanina har ƙarshe.

"Ke, ni ban san imel ba," ta ce, "amma na san suna. Gobe ki je ki cire shi daga inda aka liƙa shi."

Sadiqa kuwa ta shige ɗaki ta kwanta rub da ciki, ta ce ita dai ta ga alama sai ta yi furfura a gidan nan. Na bi ta na zauna a gefenta ina shafa bayanta, alhali ni ce mai neman a shafa wa. Na gwada kiran Abdurrahim ya fi sau ashirin. Kowane karo matar nan ta cikin waya ce ke ba ni haƙuri.

Laraba da na taso makaranta muka tafi ni da Sadiqa, na sa dogon hijabi baƙi har ƙasa. Shagon na nan yadda na san shi, rumfar kwano, janareto na ta ƙugi a baya, allon katako cike da wayoyin da aka kawo caji, kowace da 'yar takarda manne da sunan mai ita. Muntaka ne ya sauya. Ya yi tumbi, ya tara gemu, ga hoton 'ya'yansa biyu a jikin gilashi. Da ya gan ni ya miƙe har yana ture kujera, ya ce yau kuma manyan baƙi ne a shagon talaka. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya yi mini gaisuwar Baba duk da ya zo jana'iza.

Na gaya masa abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Sadiqa ta karɓe zancen, ta ce ai ta san halin masu shago, wataƙila kowa sunansa yake sa masa don sauri, ya ɗauko littafin da yake rubuta sunaye kawai a nuna wa mutanen Safana a huta.

Ya jawo wani littafi mai jan bango daga ƙarƙashin teburi, duk ya sha maiƙo. A ciki yake rubuta imel da kalmar sirrin duk wanda ya buɗe wa. Rabin sirrin Batsari na kwance a littafin nan, kusa da kwanon goro. Sadiqa ta kama buɗawa tana lasar yatsa. Jafaru Karare. Nana Hadiza Wagini. Sharhabilu Mainama. Kowa da sunan garinsa ko sana'arsa ko ubansa. Ta kai bango ta dawo farko. Babu mai Muntaka ko ɗaya, nawa ma babu shi a ciki gaba ɗaya.

"Naki ban rubuta ba," ya ce, idonsa a kan teburi. "Yana kaina."

Ya yagi takarda ya rubuta kalmar ya turo mini. Kwanan wata ne. Sai da na ɗan yi tunani na gane ranar da na fara taka shagonsa ce.

"Ƙuruciya ce, Malama. Tun ranar da kika kawo wayar na yanke wa kaina hukunci, na rubuta abin da nake fata. Daga baya kunya ta hana ni faɗa. Wallahi ban taɓa buɗe shi ba."

Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Amma ban ba shi wayar ba. Na ce ya faɗa mini, ni zan danna. Na sa kalmar, sai aka ce an tura lambobi shida zuwa wani layi, layin kuwa nasa ne. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya karanto mini. Daga nan na bi abin daki-daki, yana nuni da bayan biro daga nesa. Na cire layinsa na sa nawa. Na sauya kalmar sirri, ya juya baya da kansa har na gama. Na goge Muntaka na rubuta Sule. Adireshin ne ya ce mu bar shi tukuna, sai an buɗe sabo an kwashe kaya a natse, in ba haka ba a yi asarar abin da ake gudu. Na koma Play Store, na danna sabuntawa. Da'irar ta yi zagaye biyu, sai ga lambobi suna hawa.

Muna jira ya rage murya ya ce shi ya ɓata, a bar shi ya gyara. Akwai sarari a shafukan baya, yana da biro kala uku. Zai rubuta mutum ashirin ya sa musu Muntaka, duk wanda ya zo bincike ya ga al'adar shago ce.

Sadiqa ta ce, "Allah Ya yi maka albarka."

Na ce a'a. Na ce kullum ina hana yara kankare maki a takardar jarrabawa, ba zan zo da girmana in sa a kankare mini ba. Ya ce to, yadda na ce. Sadiqa ta harare ni har hijabinta na karkacewa.

Kafin mu fita layin kasuwa saƙonni suka fara zubowa, wayar na ta rawa a tafin hannuna. Ban buɗe ba sai da na isa gida na shige bayan ɗakin girki, ƙarƙashin darbejiya.

Na Litinin: "Malama, yau ba a kira sunana a rajista ba." Bayan awa biyu: "Na hau tanki sau uku. Ko laifi na yi?" Na safiyar Talata: "Yaya na hanya. Kada ki ji tsoronta, bakinta ne kawai." Sai na yammacin Talata. Hoton wayata a kan zanin gadona, da layi ɗaya a ƙasa.

"Wane ne Muntaka?"

Babu sallama, babu Malama.

Sau uku ina naɗar murya ina gogewa. Ta farko kuka ya ci ta. Ta biyu na ji kaina ina kewaye-kewaye kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. A ta uku na faɗa masa komai a jere: yadda aka buɗe imel ɗin, wata huɗun zance, sallamar da Baba ya yi masa, littafi mai jan bango da babu mai Muntaka ko ɗaya a cikinsa. Na ce ranar da ya tambaye ni na ce babu wanda ya kai a ambata, ba daidai na faɗa ba, ya yafe mini. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na tura.

Alama ɗaya ta fito. Ga wanda bai saba ba, alama ɗaya na nufin saƙo ya bar hannunka amma bai isa ba, sai ta zama biyu ya shiga wayar mutum. Na tsaya kallonta har aka kira la'asar. Ɗaya. Magariba, ɗaya.

Alhamis na wayi gari da ita ɗaya. Shugabar makarantarmu ta riga ta ba ni hutun yinin, sai na rasa inda zan sa kaina. Inna ta ce ko za su zo ko ba za su zo ba, ba a tarar da gidanta babu wuta ba. Aka yanka kaji biyu, aka ɗora shinkafa, Baffa Lado ya sa aka shimfiɗa darduma a zaure ya zauna da babbar rigarsa tun hantsi. Sadiqa ta ce za ta kasuwa sayo kayan ƙamshi, ta daɗe, ta dawo da ɗan ƙullin da bai kai a daɗe dominsa ba. Ni kuwa na hau turmi na sauka ya fi a ƙirga, kamar tsayina ne zai kai sabis Runka.

Bayan azahar muka ji mota ta tsaya, sai sallamar maza a zaure. Sadiqa ta leƙa ta dawo da gudu tana raɗa: Alhaji Armaya'u ne, ƙanin mahaifin Abdurrahim, da dattawa biyu, da huhun goro. Kafin in gama fahimta, ga Yaya Hansai ta ɗaga labule, cikin leshi ruwan goro, haƙorin Makka a waje.

Ta rungume ni har ɗankwalina ya zame. Ta ce in yafe mata, shaiɗan ne da saurin fushi. Ta ba mu labari tana fifita da gefen mayafi: da suka sauka a kasuwa ta ce wa Alhaji ya jira a rumfar wani amininsa, kada a sauke goro sai ta gano da idonta. Ta tambayi shagon Muntaka aka nuna mata. Mutumin kirki, in ji ta, nan da nan ya ɗauko mata littafi.

"Ke, ashe rabin garinku 'ya'yan Muntaka ne. Jafaru Muntaka, Zuwairatu Muntaka, har da wani tsoho mai sayar da igiya. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce Allah Ya shirye ka, ka kusa kashe aure."

Inna ta ce alhamdulillahi, ta fita zubo abinci. Na dubi Sadiqa. Sadiqa ta dubi silin.

Ta jawo ni bayan ƙofa wai in taya ta ɗauko kwanuka. Ta riƙe mini hannu da ƙarfi, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, don girman Allah. Bai shiga ba, har yanzu alama ɗaya ce. Ki goge shi, ba wanda zai taɓa ji. Ga goro a zaure. Shekarata ɗaya da wata biyar ina jira."

Na ciro wayar. Gaskiyarta, ɗaya ce. Na ɗora yatsa a kan saƙon har ya yi duhu, ɗan kwandon shara ya fito a sama. Daga zaure ina jiyo muryar Baffa Lado yana cewa ai yarinya tasu ce, tarbiyyarta kuwa sai dai a tambayi gari.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in danna. Na ga ɗakina a Runka, na ga Sadiqa da lalle, na ga Inna ta huta da tambayar maƙwabta. Sai kuma na ga kaina bayan shekara goma, duk ranar da Yaya Hansai ta tuno labarin 'ya'yan Muntaka a taron suna tana dariya, ni ma ina tayawa, Abdurrahim na gefe yana murmushi. Sunan da aka liƙa mini ban sani ba, na cire shi jiya da yatsana. Wannan kuwa da sanina zan liƙa, kuma ba shi da wurin gogewa.

Na ɗage yatsana. Na share wa Sadiqa hawaye da bakin mayafina, na ce ta yi haƙuri, ta kai kwanukan.

Na koma ɗaki na durƙusa a gaban Yaya Hansai. Ta kai kofin fura baki ke nan.

"Yaya, kafin a raba goron nan akwai abin da ya kamata ki ji. Littafin da kika gani yau, jiya ba haka yake ba. Sunana kaɗai ya sa wa nasa, saboda ya taɓa nemana. Wata huɗu ya yi yana zuwa gidan nan, Baba ya sallame shi. Ban san da sunan ba sai ranar da kika nuna mini, amma zancen neman na sani, kuma ban gaya wa ƙanenki ba sai jiya."

Ta sauke kofin a hankali ta ajiye a kan leda. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa atamfa in tana son gane ko za ta zuba.

"Da kin yi shiru, da shi ke nan," ta ce.

Na ce na sani.

"Shi mi ya ce?"

Na ce saƙon bai isa ba tukuna. Na buɗe wayar don in nuna mata, na miƙa. Muna kallo mu biyu alamar ta zama biyu. Ban gama jan numfashi ba suka rine suka koma shuɗi, wato ya buɗe. Can Runka wani ya hau tanki.

A zaure Alhaji Armaya'u ya yi gyaran murya ya ce a kira Hansai, ita suke jira a kwance huhu. Minti huɗun saƙon nan muka zauna, ba mai motsi, ƙamshin shinkafa na shigowa ta labule. Sannan a saman wayar, ƙarƙashin sunansa, rubutu ya fito cewa yana naɗar murya.

Yaya Hansai ta leƙa ta ce wa Sadiqa ta gaya wa Alhaji ya ɗan dakata da goron. Ta gyara zama, ta matsa mini wuri a gefenta, ta ajiye wayar a tsakaninmu.

"Zauna nan, Malama," ta ce. "Tare za mu ji shi."